'Yar Kwalbar da Ba Ta da Lamba

Litinin, ƙarfe shida da rabi na safe

Shekara goma sha bakwai ke nan ina yin tambaya guda ɗaya a ginin nan, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ba ni amsa. Sai dai "Baba, ana kan aiki." Ana kan aiki! Wane irin aiki ne wannan da ba ya ƙarewa? Ni da nake wanke musu kwalabe shekara talatin da uku, in an ba ni kwalba da safe, kafin rana ta take ta bushe tana kife a kan tebur.

Tambayar kuma ba mai wuya ba ce. Lokacin da aka yi wa maman yara aiki a kai, aka ciro ƙarin dajin da ke cin ƙwaƙwalwarta, Tsohon Farfesa da kansa ya zo mini da takarda. Ya ce in dangwala yatsa, za su ajiye ɗan yanki a nan ɗakin bincikenmu na jami'a, su duba, abin da suka gano zai taimaki wasu. Na dangwala. Wata huɗu ta ƙara a duniya. Abin da nake tambaya kawai, kun duba? Me kuka gani?

Wannan littafin Auta ce ta saya mini, wai in riƙa zuba faɗana a ciki maimakon in zuba a kanta. Rubutuna na ajin manya ne, da furfura na koya. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Litinin, ƙarfe sha biyu

An yi taron mako. Ni ba a gayyata ta, amma ni nake jera kujeru, saboda haka ina jin komai daga bakin ƙofa.

Sabuwar Shugaba, wata bakwai ke nan da Farfesa ya yi ritaya aka ba ta wurin. Yarinyar da na san ranar da ta fara zuwa nan tana ɗaliba, ta fasa mini kwalba uku a sati ɗaya. Yau ita ce ke tsaye gaban allo tana ba da umarni. Ta ce masu ba da tallafin bincike za su turo masu duba aiki. Ta ce firiza ta uku ta cika maƙil, ana kawo sabon nama daga ɗakin tiyata ba wurin sa shi. Duk 'yar kwalbar da ba ta da lamba, ko ba ta da takardar yardar mai ita, za a fitar a kai wurin ƙona sharar asibiti ranar Alhamis ta sama ta sama. Kwana goma sha bakwai.

Maman yara tana firiza ta uku.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Kullum in na shigo wurin firizar nake fara zuwa, in ɗora tafin hannuna a kan ƙofarta in ji tana kuka yadda ya kamata. Dogo ya same ni a haka. Shi ne babban ma'aikacin ɗakin, shekararsa ashirin a nan, shi ma kan ya fara fari amma bakin bai girma ba.

Ya ce, "Tsoho, kai da firizar nan wa ya girmi wani?"

Na ce, "Ni na kwance ta daga kwali lokacin kana yawo ba wando."

Ya yi dariya, sannan ya daina. Ya ce, "Jibi za mu fara buɗe ta ni da Shugaba. Akwai abin da kake son gaya mini kafin nan?"

Na ce ba komai. Me zan gaya masa?

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

A zamanin Farfesa ba a ƙona komai. In wuri ya cika sai ya ce a matsa, a matsa. Takardu a kwali, kwali a kan kabad, kabad kuma a kansa yake, duk abin da ka tambaya ya san inda yake. Ita wannan Shugabar komai sai an manna masa 'yar takarda mai zane-zane an haska da na'ura ta yi ƙara. Har bokitina ta sa an manna wa. Na ce ranki ya daɗe, saura ni.

Ban ce ba ta aiki ba. Ta riga kowa zuwa in ban da ni. Ɗazu ɗalibai biyu suka yi cacar baki kan wurin ajiya, ta raba su a tsaye ba ta ɗaga murya ba. Amma ba ta tambaya. Mutum ya shekara talatin da uku a wuri, ai a tambaye shi.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Sun gan ta.

Hawa na uku na firizar, can ƙurya ta baya inda sanyi ya fi yawa. Ba a cikin akwati take ba kamar sauran, ita kaɗai ce a 'yar leda an ɗaure da zare. Shugaba ta ɗaga ta da safar hannu ta kalli haske. Ta ce, "Wannan kuma fa? An goge lambar. Wa yake rubuta suna a jikin kwalba? A nan ba a rubuta suna."

Dogo ya kalle ni, ya kalli rufin ɗaki.

Ta ce, "Rubutun ma kamar na ɗan aji ɗaya."

Ta sa ta a jan kwando da suka ware a hawa na ƙasa, na waɗanda za a ƙona. Ina tsaye da tsumma a hannu.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Kamar na ɗan aji ɗaya.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Na shiga ofishinta. Ban ƙwanƙwasa ba, ni nake share ofishin. Na ce, "Ranki ya daɗe, waccan mai sunan ta matata ce."

Ta cire tabarau. Ta ce, "Baba, zauna." Na ce tsaye ma ina ji.

Ta ce ba ta sani ba, ba wanda ya taɓa gaya mata, Allah ya jiƙan Mama. Na ce amin. Sai ta ce doka ɗaya ce ga kowa. In masu duba aiki suka ga nama ba lamba ba takarda, za su iya rufe firizar gaba ɗaya, da naman mutum dubu biyu a ciki da aikin ɗalibai tara. Ta ce, "Kawo mini takardar da ka dangwala wa yatsa, in ga abin da zan iya yi."

Na ce, "To kafin nan, kun duba? Me kuka gani?"

Ta buɗe baki, na ga kalmar tana tahowa, na ce, "Kada ki ce mini ana kan aiki." Ta rufe bakin.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Na je gidan Farfesa. Mota biyu na hau. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ban je ba, na san ban kyauta ba. Matarsa ta kai ni baranda, yana zaune da bargo a cinya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka gane ni?"

Ya ce, "Ka kashe tukunyar dafa kwalabe?"

Na ce na kashe. Ya ce madalla. Na tambaye shi takardar. Ya daɗe yana kallon bakina, sai ya ce, "Ka kashe tukunyar?"

Mutumin da ya riƙe ginin nan duka a kansa. Da ya rubuta wa wani inda ya ajiye abubuwa, me zai ragu a jikinsa? Shekara sha bakwai yana wuce ni a baranda yana "Baba, ana kan aiki," yanzu aikin ya tafi da shi. Na sha ruwa na fito. Matarsa ta rako ni har bakin titi tana ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifin.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Ofishin ajiyar takardu na asibiti. Na yi layi awa biyu. Matar da ke taga ta ce lamba. Na ce ba ni da lamba, ina da suna. Ta ce ba a nema da suna. Na ce 'yar nan, lokacin da na aure ta ba da lamba na kira ta ba. Ta ce in koma gefe akwai mutane a baya.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na koma. Wai in kawo takarda daga Shugaba. Shugaba tana taro da manyan jami'a tun safe.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na kai takarda. Wai mai makullin tsohon sito ya tafi biki.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Auta ta zo da yaranta. Ta ga ƙafata a kumbure ta fara.

Ta ce, "Baba, Mama tana kabarinta. Mun san inda take, muna zuwa. Wannan fa ciwon ne, ba ita ba ce. Abin da ya kashe ta kake gadi."

Na ce, "Ban tambaye ki ba."

Ta ce, "Ai ba ka taɓa tambayar kowa ba sai waɗanda ba su da amsa."

Na ce ta kwashe yaranta suna taka mini tabarma. Bakin uwarta sak.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Saura sati ɗaya. Jan kwandon ya cika, sun ƙara na biyu. Na ƙirga ta cikin ƙofa lokacin da Dogo ya buɗe, sun fi ɗari. Duk waɗannan wani ya dangwala musu yatsa.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Na samo takardar! Mai makulli ya dawo, ya ce shi ba zai shiga ƙurar nan ba, in ina so in shiga da kaina. Kwali talatin da ɗaya na sauke. Tana cikin na talatin da biyu, gefenta ya ci ruwa amma ga yatsana nan shuɗi raɗau, ga sa hannun Farfesa, ga sunanta na takarda, ga lamba a sama: 417.

Na kai wa Shugaba na ajiye a kan teburinta, a kan kwamfutar ma na ɗora don ta gani. Na ce, "Ga takarda. A fitar da ita daga kwandon."

Ta duba sosai. Ta ce, "Baba, sannu da ƙoƙari. Ba ni zuwa Litinin in duba babban littafin Farfesa." Sai ta ce, "Sunan da ke jikin kwalbar ba shi ne wannan ba."

Na ce wancan sunan da nake kiranta ne a gida.

Ta ce, "To wa ya rubuta?"

Na ce ana jira na a wurin wanki.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta a nan tunda takarda ba ta kallon mutum.

Shekara biyu bayan rasuwarta ne, satin da na fara iya haɗa baƙaƙe a ajin manya. Ranar Asabar irin ta yau, ba kowa a ginin. Ina nan ranar da Farfesa ya sa ta a akwatin, da idona na gani, akwati mai shuɗin murfi, kusurwar hagu ta gaba. Na ciro. Ba komai a jiki sai lamba, kamar buhu a sito. Mace ta haifa maka 'ya'ya biyar. Na ɗauki auduga da sifirit na goge, na rubuta. Shi ne abu na farko da na taɓa rubutawa ba malami a kaina. Lambar ban riƙe ba, me zan yi da ita. Na kai ta baya inda ya fi sanyi, don lokacin wuta na yawan ɗaukewa.

Ban yi don ɓata wa kowa aiki ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga dalilin lamba. Sai dai Baba wanke, Baba share, Baba ɗauko.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ta kira ni. Dogo ma yana ciki, ya rufe ƙofa. Babban littafin Farfesa yana buɗe a kan tebur, mai baƙin bango. Wannan karon na zauna, ƙafar ce.

Ta ce, "Baba, yaya aka yi ka gane tata ce a cikin kwalabe tamanin da ɗaya da ke akwatin?"

Ban ce ni ne ba, amma na ce kusurwar hagu ta gaba.

Dogo ya ɗauko wani akwati irinsa wanda ba komai a ciki ya ajiye a gabana. Ya ce, "Tsoho, nuna mini hagu ta gaba." Na nuna. Ya juya akwatin da yatsa ɗaya. Ya ce, "Yanzu fa?"

Gefe huɗun duk tsawonsu ɗaya. Duk wanda ya ciro shi, yadda hannunsa ya so yake mayarwa. Shekara biyu ana ciro shi ana mayarwa kafin Asabar ɗin.

Shugaba ta sa yatsa a kan layi. Lamba 417, an fitar shekara goma sha ɗaya da suka wuce, an yi aiki da shi duka, ba saura, ga sa hannun Farfesa. Ta gangara ƙasa kaɗan. Lamba 409, akwatinsu ɗaya, amma a ɗaya kusurwar. An nema a wannan ranar, an rubuta da jan biro, ba a gani ba.

Na ce littafi ma yana kuskure.

Ta ce, "Yana yi, Baba."

Ta rufe littafin. Da ta yi gardama da ya fi mini.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Littafi yana kuskure.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Ban ɗora hannu a ƙofar ba yau. Na wuce, na dawo, na ɗora.

Talata, ƙarfe uku na rana

Na tare Dogo a wurin wanki. Na ce wane ne 409? Ya ce bai sani ba, ko ya sani ba a faɗa. Na ce namiji ne ko mace? Ya ce, "Tsoho, dalilin lambar ke nan." Na ce to a maida masa lambarsa a bar shi. Ya ce ba za a iya ba, tunda an goge ba mai rantsuwa cewa shi ne, kuma ba mai gina bincike a kan ƙila.

Na ce, "Kai ka san ni na rubuta tun yaushe?"

Ya ce, "Shekara goma sha biyu. Duk ginin nan kai kaɗai kake yin harafin nan a juye."

"Me ya hana ka magana?"

"Kai ana yi maka magana?"

Na watsa masa ruwan sabulu a takalmi. Bai ko matsa ba.

Laraba, ƙarfe sha biyu

Shugaba ta ce ba za ta kai maganar gaba ba, ba za a rubuta sunana a ko'ina ba. Ta ce laifin wurin ne da bai koya wa ma'aikatansa ba, kuma daga wata mai zuwa duk mai shiga ɗakin firiza, har mai shara, za a zaunar da shi a yi masa bayani. Yanzu. Bayan shekara talatin da uku.

Na ce a ba ni kwalbar in binne. Ta ce in da tabbas ta Mama ce da ta rubuta wa kwamitin da ke ba da izini yau ɗin nan. Amma ba ta da ikon ba ni naman ɗan wasu. Na ce to ikon ƙona shi fa, wa ya ba ki? Idonta ya yi ja, ban sani ba ko gajiya ce. Ta ce, "Gobe ƙarfe goma motar kwasar sharar za ta zo."

Alhamis, ƙarfe sha ɗaya da rabi

An kai.

Dogo ya sa hannu zai ɗauki jakar da aka juye jajayen kwandunan a ciki, na ce ajiye. Shekara talatin da uku ni nake fitar da sharar ɗakin nan, ba yau za a canja ba. Na sauka da ita hawa biyu, na miƙa wa direba da hannuna. Ba nauyi. Na yi wa mai 'yar kwalbar addu'a, ko wane ne. Shekara goma sha biyar ina gaishe shi kowace safiya, ya ci a ce ya san muryata.

Wani yana can ya dangwala yatsa shi ma. Wannan ba zan rubuta a kai ba.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Masu duba aiki sun zo sun tafi, an ce sun yaba. Kowa yana washe baki a baranda. Da za a tashi Shugaba ta biyo ni wurin wanki da takardu a manne, shafi goma sha biyu. Ta ce wannan ne binciken da aka yi da 417 tare da na wasu mutum sittin da biyu, an buga shi shekara tara da suka wuce. Sai wayarta ta yi ƙara, wai manyan jami'a na nemanta, ta ce, "Baba, za mu zauna," ta wuce da sauri.

Shekara tara. Yana cikin kabad ɗin da nake goge wa ƙura duk ranar Laraba.

Na buɗe a gida. Turanci ne zalla, ƙanana kamar tururuwa, ko Auta ta ce ba irin nata ba ne. A shafi na bakwai akwai zane, ɗigo-ɗigo baƙaƙe a warwatse, wasu sama wasu ƙasa. Na ƙirga sau uku. Sittin da uku.

To ni ban karɓi wannan a matsayin amsa ba. Takarda ba amsa ba ce. "Za mu zauna" ma ba amsa ba ce, na san ƙanwar "ana kan aiki" ce. Litinin ƙarfe takwas zan ɗauko kujera in ajiye a ƙofar ofishinta, kwalabe su taru har rufi, ba zan taɓa ko ɗaya ba. Ko ita, ko Dogo, ko ɗaya daga cikin ɗaliban nan tara masu farar riga, wani ya fito ya zauna kusa da ni, ya ɗora yatsa a kan shafin nan ya ce Baba, ga ta nan. Ya gaya mini da bakin da nake ji me ya sa take sama ko me ya sa take ƙasa, kuma ko akwai mutum ɗaya, ɗaya tak, da ya ƙara kwana a duniya saboda ita. In babu, a ce mini babu, zan iya ɗauka. Amma a fito a gaya mini.